Makullin Mota Ya Ɓata, An Yanko Wani Ta Ƙi Tashi

Wasiƙun da suka iso filinmu na gyaran mota a wannan fitowa sun fi karkata kan makullan motocin zamani masu sikiriti, wato na'urar hana sata da ake kira imobilaiza. Ga waɗanda muka zaɓa, da amsar da ma'aikatan wayarin da masu saitin makulli suka bayar.

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Ina da Toyota Camry 2008 'yar Amurka, wadda ake ce wa Muscle. Makulli ɗaya tak ta zo da shi, kuma ya faɗi a wurin ɗaurin aure. Na kira mai yankan makulli ya duba gidan makullin ƙofa ya yanko mini wani. Yana buɗe ƙofa, yana murɗawa, inji yana juyawa, amma motar ba ta kamawa. Bakanikena ya ce sai an canza birenbos, wato kwamfutar da ke sarrafa injin, gaba ɗaya. Haka ne? Daga mai karatu a Zariya.

AMSA: Wa alaikumus salam, Malam. Allah ya mayar da alheri. Ka dakata da sayen birenbos, domin lafiyarsa ƙalau. Aikinsa yake yi, shi ya sa motar ta ƙi tashi.

A cikin baƙar robar kan makullinka na asali akwai wata 'yar ƙwaya da ba ta fi ƙwayar shinkafa biyu ba, ita ake kira cip. Ba ta da batir. A bakin gidan makullin da ke jikin sitiyari akwai zoben waya da aka naɗe. Da ka zura makulli, zoben nan zai aika wa ƙwayar ɗan ƙarfin lantarki ta iska, ita kuma ta mayar da lambarta. Wani ƙaramin akwati da ke bayan dashbod ya karɓi lambar ya duba ko tana cikin waɗanda ya haddace. In ta yi daidai, sai ya ba birenbos izinin sakin mai da wuta. In ba ta yi ba, kik zai yi ta juya inji har batir ya mutu, ba za ta kama ba. Makullin da aka yanko maka ƙarfe ne zalla, babu ƙwaya a kansa. Ka iya tabbatar da haka da idonka: zura shi ka kalli 'yar jar fitilar sikiriti. Da makullin da motar ta sani ne, fitilar za ta mutu nan take. Da wannan kuwa za ta ci gaba da ƙiftawa.

Wanda za ka nema shi ne mai saitin makulli da kwamfuta. Rewaya na gama-gari ba lallai ne yana da na'urar ba. Ka tanadi takardun motar da katin shaidarka, domin ma'aikacin kirki ba ya yi wa motar da ba ta da makulli ko ɗaya aiki sai ya ga shaidar cewa taka ce. Wanda bai tambaye ka takarda ba, gobe ma ba zai tambayi ɓarawo ba.

Abu na farko da zai yi shi ne gano irin ƙwayar da motar ke karɓa. Toyota ta sauya ta sau da yawa. Tsofaffin na ƙarshen shekarun 1990 zuwa farkon 2000 suna amfani da 4C. Bayansu 4D ta zo, wadda ake gane ta da ɗan ɗigo da aka buga a jikin ƙarfen makullin, kusa da robar. Daga wajen 2010 aka koma mai harafin G, sannan mai harafin H daga wajen 2013. Taka ta 2008 mai ɗigo ce. Ko an sa mata G ko H ba za ta karɓa ba, duk da cewa a ido makullan kamarsu ɗaya.

Daga nan sai ya jona na'urarsa a soket mai rami 16 da ke ƙarƙashin sitiyari, ya goge duk makullan da akwatin sikiritin ya haddace, akwatin ya koma kamar sabo. Wannan gogewar tana ɗaukar kusan minti 16, kuma Toyota ce ta sa jiran da gangan don ta ɓata wa ɓarayi lokaci. A cikin mintunan nan ba a kashe makulli, ba a cire na'ura. Idan ta kammala sai a yi wa sababbin makullan rajista ɗaya bayan ɗaya. Rimot na buɗe ƙofa saitinsa daban ne, ka tuna masa kada ya manta.

A nan ne aka fi samun ɓarna. Batir mai rauni shi ne babban abokin gaba: a tabbatar yana ba da ƙarfin wuta bolt 12.4 ko sama, kuma tunda ka yi ta buga kik, a caja shi tukuna ko a jingina masa wani. Wuta ta yanke ana tsakiyar rubutu, bayanan akwatin na iya lalacewa, aikin awa ɗaya ya koma na kwana biyu. Akwai kuma motocin da ba sa yarda a goge su ta soket, musamman masu 4C da wasu Toyota na Turai da na Dubai. Su dole a kwance dashbod a ciro akwatin, a karanta 'yar ma'ajiyarsa mai ƙafa takwas a sake rubuta ta. Aiki ne mai cin lokaci, kuɗinsa ya fi, amma har yanzu bai kai sayen birenbos ba. Kuma ko an sayo birenbos na Belgium an ɗaura, sai an haɗa shi da akwatin sikiritin motarka, wanda a Toyota yakan buƙaci a bar makulli a kunne minti 30. In kuwa aka sayo saiti guda, birenbos da akwati da makullin wata motar, sai ka ƙare da makulli ɗaya na tayarwa, wani na buɗe ƙofa.

Shawara ta ƙarshe gare ka: tunda an riga an shiga, a yi maka makulli biyu a zama ɗaya. Na biyun kuɗin ƙwaya da yanka kawai zai ci maka.

TAMBAYA: Ni makullina biyu ne, ɗaya ya ɓata a kasuwa tare da jakata, kuma a cikin jakar akwai kwafin takardun motar. Honda Accord ce 2005. Wani ya ce zai kwafar mini wanda ya rage cikin minti biyar ba sai na kawo motar ba, wani kuma ya ce sai an ɗora ta a kwamfuta. Wanne zan bi? Daga wata mai karatu a Kaduna.

AMSA: Hajiya, duka biyun aiki ne na gaskiya, amma a halin da kike ciki na biyun ne naki.

Kwafi shi ne a karanta lambar ƙwayar makullin da ke hannunki a zuba ta cikin wata ƙwaya ta musamman. Motar ba ta ma san an yi sabo ba, gani take makulli ɗaya ne. Ga wanda ke son na ajiya kawai, wannan ya wadatar, kuma ya fi sauƙin kuɗi. Sai dai kwafi ba ya taɓa abin da motar ta haddace, don haka makullin da ya ɓata yana nan da ransa. Wanda ya tsinci jakarki yana da makulli, yana da lambar mota, wataƙila har da adireshi. Wannan ba abin sakaci ba ne.

A ɗora ta a kwamfuta a zaɓi goge dukkan makullai, sannan a sake yi wa wanda ke hannunki da sabon rajista. Daga ranar, tsohon zai murɗa amma koriyar fitilar makulli da ke dashbod za ta yi ta ƙiftawa, inji ba zai kama ba. Ki ce wa mai aikin ya nuna miki a fuskar na'urarsa adadin makullan da motar ta sani bayan ya gama. In biyu ne a hannunki, biyu za ki gani.

Abin da kwamfuta ba za ta iya ba shi ne hana ƙarfen tsohon makullin buɗe ƙofa da but. Wannan sai an sauya tsarin 'yan ƙarafan da ke cikin gidan makullin ƙofa da na sitiyari, a yanko sabo a kansu. Tunda takardu sun tafi tare da shi, mu a ganinmu ya cancanci kuɗin. Ki kuma kai rahoto ofishin 'yan sanda saboda takardun.

Wani abu game da wannan Honda: makullinta ba irin mai haƙora a gefe ba ne, yankan maciji ne a jikin ƙarfen, kuma injin yanka na musamman yake so. 'Yan ƙarafan cikin gidan makullinta suna saurin cinyewa. Idan aka kwafi tsohon makulli da ya side, sabon zai gaji sidewar, wata rana ya maƙale ya ƙi murɗawa. Gara a fitar da lambar yanka ta asali a yanka a kanta.

Masu Toyota da ke karanta wannan su lura da kalar makullin da ya rage musu. Baƙi shi ne uban makulli, da shi ake ƙara wani. Mai ruwan toka na ba direba ne ko mai wanki, yana tayar da mota amma ba ya ba da izinin ƙara sabo. Wanda mai ruwan toka kaɗai ya rage masa, aikinsa ɗaya da wanda ya rasa duka.

TAMBAYA: Peugeot 307 gare ni. Na sayo makulli na hannu a Ƙofar Ruwa, iri ɗaya sak da nawa da ya ɓata, an sa masa sabon ƙarfe. Mai kwamfuta ya gwada ya ce ya ƙi shiga, kuma yana tambayata wata lambar sirri da ban taɓa gani ba. Ko dai bai iya ba ne? Daga mai karatu a Kano.

AMSA: Alhaji, a nan kam mai aikin yana da gaskiya ta fuska biyu.

Ƙwayar makullin 307, wadda ake kira ID46, da zarar an yi mata rajista da wata mota sai ta kulle da sirrin wannan motar. Ba ta sake karɓar wata. Makullin da ka sayo robarsa da maɓallansa za su yi amfani, amma ƙwayar sai an sa sabuwa fil. A wasu makullan ƙwayar a manne take da allon rimot ɗin, to su sai a sayi allon gaba ɗaya sabo.

Lambar sirrin kuwa haruffa da lambobi ne guda huɗu. Kowace Peugeot ta zamanin 307 ta fito daga kamfani da wani kati mai girman katin banki, lambar tana ƙarƙashin wurin da ake kankarewa. Motocin da suka biyo ta Kwatano da wuya katin ya iso da su. Hanyar samunta biyu ce: a nema daga dillalin Peugeot da lambar casis mai harafi 17, ko a karanto ta daga cikin akwatin BSI, wato kwamfutar da ke kula da wutar jikin mota, wanda ke tare da fiyus-fiyus na cikin mota, ko daga birenbos. In an taɓa canza wa motar BSI da birenbos na wata motar, lambar da dillali zai bayar ba za ta yi ba, sai wadda aka karanto daga akwatin da ke jiki yanzu. Kada a bar kowa ya yi ta cankar lamba, domin kuskure sau uku yana sa tsarin ya kulle na wani lokaci.

Ranar aikin, duk makullin da kake so ya ci gaba da aiki ka zo da shi. Peugeot tana goge duka ne ta sake koyon waɗanda aka ba ta a wannan zama, wanda aka bari a gida ya mutu ke nan sai an sake zama. Kuma motar tana shiga yanayin tattalin batir bayan kamar rabin awa inji a kashe, sai ta fara yanke wuta ga wasu sassa, don haka a shirya komai kafin a fara. In an gama mota ta tashi amma rimot bai amsa ba, kunna makulli, danna maɓallin kullewa ka riƙe kamar daƙiƙa 10, kashe ka zare, jira kaɗan ka gwada. Ka rubuta lambar sirrin ka ajiye tare da takardun asali a gida, ban da cikin motar.

TAMBAYA: Rewayana ya ce maimakon wannan wahala, ya cire mini sikiritin gaba ɗaya, ko ya ciro ƙwayar makullina ya manne ta a sitiyari, sai in yi ta yanko makullai masu araha. Akwai illa? Daga direban haya a Gusau.

AMSA: Akwai, ɗan'uwa, kuma ba za mu ba ka wannan shawarar ba. Manne ƙwaya a jikin zoben daidai yake da a ɗauki maigadi a ce masa duk wanda ya zo ɗan gida ne. Duk ƙarfen da ya iya murɗa gidan makullin, ko sukundireba aka buga da ƙarfi, zai tayar da motar. Tun 1998 ƙasashe irin su Jamus da Ingila suka wajabta wannan na'ura a sababbin motoci, Kanada ta bi a 2007, kuma dalili ɗaya ne, satar mota ta hanyar haɗa waya. A Amurka, inda ba a wajabta ba, an ga yadda aka yi ta sace wasu Kia da Hyundai da aka sayar babu ita.

Ban da sata, dabarar tana da nata ciwon kai. Zafin rana yana narkar da gam ko salatif, ƙwayar ta goce daga inda zoben ke jin ta, mota ta ƙi tashi a tsakiyar hanya da fasinja a ciki. In kuma ka zura wani makulli mai tasa ƙwayar, biyun su rikita zoben. Cirewa ta cikin birenbos kuma sake rubuta ƙwaƙwalwar injin ne da fayil ɗin da ba ka san asalinsa ba. In fayil ɗin bai dace da lambar birenbos ɗinka ba, sai ka ga fitilar inji ta ƙi mutuwa, ko motar ta sauya shan mai. Inda kawai muke ganin uzuri shi ne tsohuwar motar da akwatin sikiritinta ya ƙone kuma an rasa madadinsa, ita ma a sa mata wani makashin wuta na ɓoye da tiraka, wato na'urar bin sawun mota. Kai da motarka ke kwana a tasha, kuma makullinka na aiki, kwafi ɗaya ya ishe ka.

TAMBAYA: Motata mai danna maɓalli ce, Toyota 'yar Amurka. Rimot ɗaya ya ɓata, ɗana ya yi mini odar wani daga waje, an kasa saita shi. Wanda ya rage kuma yana yi yana ƙi. Daga wata mai karatu a Abuja.

AMSA: Hajiya, mu fara da wanda ke hannunki, don shi ne jarin. Yawanci batirinsa ne ya yi sanyi. Ki zare ɗan makullin ƙarfe da ke ɓoye a cikinsa, ki buɗe robar, ki duba lambar batirin, galibi CR2032 ne ko CR1632, mai bolt 3. Ki sa irinsa, kada a matsa wani da ƙarfi. Ko batirin ya mutu murus motar za ta tashi: taka birki, ɗora bayan rimot ɗin a jikin maɓallin tayarwa har ki ji ƙara, sannan ki danna. Ki guji ajiye shi manne da waya ko kusa da talabijin, yana shanye masa batir.

Wanda aka yi oda kuwa, abu uku ke hana shi shiga. Na ɗaya zangon da yake magana a kai: motocin Amurka suna kan megahaz 315, na Turai da Dubai galibi 433, kuma ba sa jin juna. Na biyu lambar allon ciki. Mota iri ɗaya, shekara ɗaya, tana iya samun allo iri biyu, don haka a gwada lambar da ke bayan rimot ɗinki da wadda ke jikin koren allon da ta sabon, harafi da harafi. Na uku, in na hannu ne, yana ɗauke da sunan tsohuwar motarsa, sai an wanke shi da na'ura ya koma sabo kafin a ƙara shi. Masu aikin a Apo, unguwar masu gyaran mota a Abuja, suna da na'urar da ke auna zango cikin daƙiƙa kaɗan, a fara da wannan kafin a taɓa motar. Kada ki jinkirta. Ƙara rimot alhali ɗaya na aiki bai fi 'yan mintuna ba. In shi ma ya tafi, sai an goge tsarin gaba ɗaya, kuɗin kuma ya ninka.

TAMBAYA: Makullina bai ɓata ba. Robarsa ce ta fashe na canza sabuwa, tun daga nan Golf 4 ɗina tana tashi ta mutu nan take. Daga mai karatu a Maraɗi.

AMSA: Malam, ka koma ka nemo tsohuwar robar kafin a share ta. Ƙwayar Golf 4 ɗan ƙaramin gilashi ne dogo, a ɓoye cikin wani lungu na robar kusa da gindin ƙarfen, daban da allon rimot. Mai canjin ya ɗauke allo da ƙarfe ya bar ta. Tashi na daƙiƙa ɗaya ko biyu sannan ta mutu ita ce alamar sikiritin Volkswagen. A yanke robar a hankali da reza a ciro ta, kada a ɓanɓare da ƙarfe don gilashin na fashewa. In ta ɓata, sai sabuwar ƙwaya irinta, wadda ake kira ID48, a karanto lambar sirri daga agogon dashbod, domin a yawancin Golf 4 a can sikiritin yake zaune.

TAMBAYA: Mercedes C-Class 2009, makulli ɗaya, na zura ya ƙi komai, ko fitila ba ta kawowa. Makullin ne ya mutu? Daga mai karatu a Jos.

AMSA: Ranka ya daɗe, kafin ka kashe kuɗi a kan makulli a duba makullin sitiyari na lantarki. A wannan ƙirar ɗan injin lantarkin da ke cikinsa yana yawan mutuwa, kuma in bai saki sitiyari ba motar ba ta ba da wuta, ko da makullin lafiya yake. Ka saurara lokacin da ka zura: in babu ƙarar zuuu ta sakin sitiyari, zargi ya koma can. Makullin Mercedes da hasken da ido ba ya gani yake magana da gidansa ta ɗan gilashin da ke bakinsa, don haka a goge gilashin, a kuma gwada makullin a na'urar gwaji. In ya tabbata ya mutu, ƙwararre zai iya yin sabo daga bayanan gidan makullin a motocin wannan shekarar. Sababbin da suka fito daga wajen 2015 kuwa, sai dai a yi oda ta hannun dillalin kamfanin da lambar casis da takardun mallaka.